Kujerun Manyan Baki

Mode ya danna maɓallin kwamfuta sau bakwai, "ƙ" ta ƙi fitowa. Ga shi saura awa biyu a fara bikin ba ɗalibai kyaututtuka a makarantarsu ta Goronyo, kuma shi ne magatakarda.

Ya kira Christy a waya, jami'ar da ke kula da kwamfutocin makarantar.

"Malama, mi kika yi ma injin ga? Haruffana masu ƙugiya sun ɓace!"

"Jiya aka kawo sabuwar kwamfuta, Malam Mode. Na tashe ta daga takardar tsari, komai ya dawo yadda yake."

Takardar tsari fayil ne guda. Duk manhajar da ake so a kwamfutar, a ciki ake rubuta sunanta, injin ya karanta ya gina kansa. Abin da ba a rubuta ba, bai san da zamansa ba.

"Komai bai dawo ba!"

"Manhajar haruffan nan, wa ya sa ta?"

Mode ya sosa ƙeya. Shi ya sa ta bara, da hannunsa, da umarni layi guda da wani ya turo masa ta waya. Wata uku yana taƙama da ita a ɗakin malamai.

"Kin tafi Wurno rannan. Na ga abu na minti guda..."

"Ka rubuta ta a takardar?"

"Na rubuta a zuciyata."

"Injin ba ya karanta zuciya. Ina Rabah yanzu, sai la'asar."

Ya gwada sake sa ta da hannu. Ya manta umarnin, wayar da aka turo masa shi a ciki kuwa ta daɗe da faɗawa rijiya. Shugaban makaranta, Malam Sa'adu, ya leƙo sau uku. A na huɗu Mode ya ce bisimilla, ya buga takardun wuraren zama haka nan, aka manna a kujeru.

Baƙi suka iso. Wakilin hakimi ya gyara tabarau, ya karanta abin da ke kujerun gaba: WURIN MANYAN BAKI. Ya shafa leɓensa, ya koma layi na biyu. Sauran suka bi shi, kowa yana satar kallon bakin ɗan'uwansa.

Kujeru goma suka zauna wayam, har Hajiya Habi mai abincin makaranta, wadda ake jin muryarta tun daga tasha, ta zo ta karanta.

"Alhamdulillahi," ta ce, ta baje a ta tsakiya. "Shekara tara ina aiki nan, sai yau aka san da ni."