Ka Ce Ƙoƙo

Uwaisu Mainasara mutumin Achida ne, kuma Allah ya ba shi baki, amma bai haɗa mai da linzami ba. Kowace Laraba yakan hau mota zuwa Sakkwato ya yi sharhin siyasa a wani gidan rediyo. Tun da 'yan bindiga sunka addabi ƙauyukan Rabah, sharhin nasa ya koma magana guda: wa ke ɗan ƙasa, wa ke baƙo. Mai jar fata da dogon hanci, in ji shi, ba namu ba ne, ko da a Wurno anka rufe kakan kakansa. Har gwaji ya ƙago, don ya lura wasu Fulani ba su iya faɗin harafin ƙa.

"Ku sa shi ya ce ƙoƙo. In ya ce koko, to kun san mi kunka kama."

A teburin mai shayi dariya aka yi ta yi. Samarin da ke sintiri kan hanya da bindigogin toka kuwa ba su ɗauke ta wasa ba.

Uwarsa, Inna Ma'u, tsufa ya fara taɓa mata hankali. Wata safiya ta ce da matarsa Juwairiyya, "Miƙo min koko." Juwairiyya ta damo koko mai zafi ta kawo. Tsohuwa ta ture shi, ta nuna ƙoƙon da ke kife bakin randa.

Uwaisu yana tsaye yana ɗaura agogo. Ya ji sarai, amma ya ce rashin haƙora ne.

Daga nan Hausarta ta dinga zubewa kaɗan-kaɗan, wani harshe na fitowa a madadinta. Ranar Laraba takan zauna kusa da rediyo, ba ta gane muryar ɗanta ce ba, ta saurara har ƙarshe, sannan ta shiga ɗaki ta ƙulle tufafinta cikin zane tana cewa, "Miɗo hoota." Juwairiyya ta tambayi Larai mai kawo masu nono ma'anarsa. Larai ta dubi tsohuwar ta ce, "Fulatanci ne. Cewa take, gida za ni."

Wane gida? Uwaisu bai taɓa sanin dangin uwarsa ba. Abin da ya sani, a gidan wani masunci a Goronyo ta tashi, kuma in an tambaye ta nata sai ta ce yunwa ta cinye su. Bai taɓa bin zancen ba. Ya tsorata ƙwarai, ya gargaɗi Juwairiyya kada kowa ya ji, ya hana Larai shigowa. Laraba na zagayowa kuma ya koma rediyo ya maimaita gwajinsa, har da ƙarin gishiri. Mutum ke nan.

Ran Alhamis da hantsi aka nemi Inna Ma'u aka rasa. Ƙunshinta ma babu. Suna cikin bin maƙwabta, rana ta take tsaka, wayarsa ta yi ƙara. Mode ne, shugaban samarin sintiri na hanyar Marnona, wanda ba ya kuskure shirinsa.

"Ranka ya daɗe, mun kama wata tsohuwa za ta shiga daji da ƙunshi. Ina jin saƙo take kai ma 'yan bindiga. Mun gwada ta yadda kac ce, koko tac ce."

"Kada wanda ya taɓa ta. Ga ni nan."

Ya tarar da ita zaune gindin wata tsamiya, ƙafafunta duk ƙaya, ƙunshin na cinyarta. Samari sun kewaye ta, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

"Inna," ya ce a hankali.

Ta ɗago. Ba fuskarsa ta gane ba, muryar mai rediyo ta gane. Ta nuna shi da yatsa, ta yi Hausa tsaf, wadda rabonta da ita tun kafin damina, da irin jan murya da yake yi a rediyo.

"Wanga ba namu ba ne."

Wani ya yi dariya, bai samu mai taya shi ba. Mode ya gyara riƙon bindigarsa.

"Malam, ka san ta?"

Uwaisu ya dubi wayar da ke ɗauka, ya dubi ƙayar da ke ƙafar tsohuwa. Kunya da tausayi sunka rufe shi lokaci guda.

"Innata ce. Ita ta haife ni."

Samarin sunka juyo kansa. Ya ga idanunsu na bin hancinsa, suna bin fatar hannunsa, abin da ba su taɓa yi ba. Mode ya yi magana cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

"To, ranka ya daɗe, kai kas sa doka. Kai ma faɗi mu ji."

Kalmar da ya faɗa gaban dubban masu saurare ce, mi za ta gagare shi? Ya buɗe baki, maƙogwaronsa ya ƙi kama harafin ƙa.

"Koko," ya ce.

Inna Ma'u ta yi murmushi, ta matsa gefe, ta ba shi wurin zama kusa da ita.