Takin Murjani

Ni dai murjani a wuyan amare na san shi. Sai da autana Sagiru ya zo daga Legas da wani akwatin gilashi, sannan na ji wai abu ne mai rai, har bakuna gare shi.

A shagon masu kifin ado yaron yake aiki, sana'ar da mahaifinsa, Malam Uba, bai taɓa ɗauka sana'a ba. Tun da ya bar gonar shinkafarmu ta Kura, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma ta bakina take bi. Ya kafa akwatin a falo, ya jona famfonsa da sola, ya zuba ruwan gishiri, ya jera wasu duwatsu masu huji-huji da ya zo da su a jiƙe. Kifi biyu ya saka, da reshen murjani ɗaya bai fi yatsa ba.

"Inna, a cikin duwatsun nan akwai ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganin su," in ji shi. "Su suke cinye kashin kifin kafin ya zama guba. Shi kuwa murjani, ruwa mai yunwa yake so, wanda ba abinci da yawa a cikinsa."

Malam yana bakin ƙofa yana gyaran fartanya, kamar ba ya ji. Da yaron zai koma, ya tsuguna ya ce, "Baba, ga shi nan amana." Malam ya ce, "To."

Ashe abin ya shiga ransa. Kullum ya dawo daga ban ruwa, da taɓo a ƙafa, sai ya ja kujera ya zura wa gilashin ido. Ya tambaye ni ko abubuwan da ba a gani ɗin suna barci. Ina zan sani? Wata rana kuma ya ce, "Hawwa, abin nan ba ya girma. Ko albasa ce da yanzu ta miƙe."

Na ce ya bar wa mai abu abinsa. Amma manomi ya ga shuka a tsaye ya ƙyale? Ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗebo takin yuriya a 'yan yatsu, ya barbaɗa a ruwan da bisimilla.

Washegari ruwan ya yi dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa. Kifayen suka taso sama suna haki, murjanin ya tsuke bakunansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tattare hannun riga, na ɗauko soso da omo, na ce bari in fid da duwatsun nan in darje su. Allah ya taimaka na fara kiran Sagiru.

"Inna, don Allah kar ki taɓa su! In kika wanke, kin kashe masu aikin. Aiki ne kawai ya yi musu yawa. Me aka zuba?"

Na dubi Malam, Malam ya dubi silin. Na ce taki ne.

Yaron ya ce a kwashe rabin ruwan, a maye da ruwan gishirin da ya bari a jarkoki, a daina ba kifin abinci, a jira.

Jiran nan ya fi noman rani wahalar da Malam. Mutumin da ya saba in gona ta yi ciwo ya ƙara mata wani abu, yau an ce ya naɗe hannu. A hankali ruwan ya washe, kifayen suka sauka. Murjanin kuwa ya yi fari fat daga gindi, sai kansa kawai ya rage da ɗan launi.

Na ce zan gaya wa Sagiru murjanin ya mutu, ya kawo wani in zai zo. Malam ya daɗe da goshi a jikin gilashin, sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

Ya ce in danna masa lambar, don shi ba shi da ita. Tausayinsa ya kama ni.

"Sagiru, ni ne. Ni na zuba takin, ba innarka ba. Kan murjanin yana motsi kaɗan-kaɗan." Ya gyara murya. "Kana da lokaci? Faro mini daga farko, yadda ake yi."