Ƙosan da Ya Ƙi Tashi

Kwana uku ke nan Nana Hadiza ba ta sa wa cikinta komai ba sai ruwa. Zazzaɓi ya sake ta, amma ya tafi da bakinta. Tuwo ba ya shiga, kunu ma sai ta kau da kai. Ga shi likita ya ce maganin da ya rubuta ba a shan sa sai da abinci a ciki. Ran Laraba da hantsi sai tsohuwa ta buɗe ido ta ce, "Kai, da zan samu ƙosai mai zafi..."

Yo ai kafin ta rufe baki jikarta Surayya ta jiƙa wake. Ɗaliba ce a jami'ar Dutsin-Ma, ta ajiye karatu ta zo Kurfi jinya. Ta surfa, ta wanke, ta yanka albasa da attaruhu, ta ruga wajen mai injin markaɗe, ta dawo tana haki.

Ta buga ƙullu, mai ya yi zafi, ta saka na farko. Sai ya watse cikin kasko kamar tsaki. Na biyu ya kwanta ya sha mai ya yi lakwas. Ta ƙara bugu har kafaɗa ta yi tsami. Ta janye itace, ta mayar. Ta leƙa ɗaki, ta dawo, ta sake leƙawa. Marmarin marar lafiya kamar hadarin ƙarshen damina yake, in ya wuce ya wuce.

Kyauta maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga. "Ke Surayya, dambu kike yi ko ƙosai?"

"Don Allah Baba Kyauta, zo ki gani. Ya ƙi ni."

Kyauta ta zagayo, ta lakato ƙullun ta shinshina. "Me aka markaɗa kafin naki?"

"Gyaɗa. Wata mai ƙuli ce a gabana."

"Shi ke nan! Ƙullun da ya sha maiƙo ba ya tashi, ko ki wuni kina bugu. Ba ki ce a ɗauraye injin ba?"

Surayya ta ji kamar ta fasa kuka. Surfaffen waken da ya rage bai fi cikin kofi ba, mai inji ba zai tayar da inji a kansa ba. Kyauta ta nuna mata bayan rumbu, inda dutsen niƙa ke jingine. Surayya ba ta taɓa niƙa a dutse ba, amma ta wanke shi, ta durƙusa, ta hau gurza. Wake na tsalle, kaji na cafewa.

Can sai murya daga ɗaki: "Wace ce ke kashe mini dutse?"

Ga Nana Hadiza a bakin ƙofa, tana dafe da bango, ɗankwali a karkace.

"Kaka, koma ki kwanta!"

"In kwanta ki mayar mini da wake abincin kaji? Duk bokon naki ba a koya maku niƙa ba? Miƙo mini kujera."

Ta zauna, tana nuni da baki. "Kaɗan-kaɗan ake zubawa. Danna da kafaɗa, ba wanki ba ne. To, ya niƙu, buga ƙullun. Hannu ɗaya, kar ki juya baya. Ajiye gishirin nan, sai za a saka a mai."

Surayya ta saki ƙullu a kasko. Ya nutse, ya taso, ya kumbura ya yi ja.

"Ba ni ɗaya in ga ko cikin ya soyu," in ji tsohuwa. Ta ɓara, ta hura, ta kai baki. "Gishiri bai ji ba." Ta miƙa hannu ta ɗauki wani. "Wannan kuma attaruhu ya yi yawa."

Kyauta ta buɗe baki za ta yi magana, Surayya ta ƙifta mata ido. Sai da kakar ta cinye na huɗu tana ta kushe, sannan Surayya ta sulale ɗaki, ta ɗauko magani da moɗar ruwa.