Ranar da Robin Ya Shiga Gidan Teasdale

Doreen Teasdale ba ta yarda robin ya shiga gidanta ba, ko da na takarda ne. Duk Disamba, idan katunan Kirsimeti suka fara zubowa ta kafar ƙofa, sai ta zauna a teburin kicin ta kasa su gida biyu. Masu hoton coci da kyandir da dusar ƙanƙara ta jera su a kan kantar kicin. Masu ɗauke da ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji kuwa, ta duba sunan wanda ya aiko, ta tura katin cikin durowa ta rufe. Kusan rabin katunan ƙasar robin ne a kansu, don haka durowar ba ta rasa cika. Haka ta taso ta ga uwarta na yi. Uwar ta sha gaya mata cewa robin ya shigo musu ɗakin girki kwana biyu kafin ramin kwal ya rufta da ƙanin ita uwar, kuma tun daga ranar ta san in tsuntsun ya ƙetare bakin ƙofa, gawa za ta fita ta nan.

Mijinta Norman dariya yake yi wa zancen. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin wannan ƙauye na yankin Durham a Ingila kafin a rufe ramin, ya ce shi ya ga abin da ke kashe mutane da idonsa, kuma bai taɓa ganin mai fuka-fuki a ciki ba. Yana ma da nasa robin a lambun bayan gida, wanda ke sauka a kan ƙotar shebur in yana tono. Sajan yake kiransa, saboda jan ƙirjin da kuma yadda yake korar sauran tsuntsaye, kullum da safe ya marmasa masa cuku a kan dakali.

Amma a wannan hunturun Sajan ya sha jira. Tun da sanyi ya tsananta suka toshe kafofin tagogi da tsummoki suka tare a falo gaban murhun gas, jikin Norman ya canza. Ya tashi da safe garau, kafin rana ta yi tsaka ya ɓingire a kujera, baki buɗe. Ya ɗauko zance ya manta ƙarshensa. Ita kanta Doreen kanta na sarawa kullum, kamar an ɗaura mata ɗankwalin ƙarfe, ga tashin zuciya. Likita ya ce mura ce ke yawo, su sha ruwa su zauna cikin ɗumi. 'Yarsu Gillian da ke birnin Leeds ta ce kaɗaici ne da tsohuwar talabijin mai dishi-dishi, ta saya musu sabuwa ƙatuwa, ta ce za a zo a kafa musu ita a bango ranar Talata, saura kwana huɗu Kirsimeti.

Mai kafawar ya iso wajen goma da rabi. Wani magidanci ne mai tumbi, Stuart Heslop, da jar hular Kirsimeti a kansa wadda ya ce kantinsu ne ya tilasta musu, ya rantse ba ra'ayinsa ba ne. Kwalin talabijin ya ƙi shiga ta ƙofar gaba, dole suka zaga ta lambu. Stuart ya tokare ƙofar baya da bulo, ya yi sawu uku yana shigo da kaya. Iska mai yanka ta ratsa gidan, Norman ya farka yana mita, ya miƙa hannu ya ƙure murhun.

Doreen na rufe ƙofa ta juyo da farantin shayi sai ta ji wani ɗan fur-fur a saman kanta. Ta ɗaga ido. Yana zaune a kan sandar labulen falo, ya karkata kai yana kallonta da ido ɗaya, baƙi wuluk kamar ɗan tsakiya.

Stuart ya karɓi farantin daga hannunta kafin ya zube.

"A'a, Mama, kin yi baƙo. Wasu kuɗi suke sawa su sayi hotonsa, ke ga shi ya kawo kansa kyauta."

Ta ɗauko tsintsiya mai dogon hannu, ta sake buɗe ƙofar baya, ta shiga kora. Tsuntsun ya tashi daga labule ya koma kan bishiyar Kirsimeti, daga can ya koma kan agogo, ko kusa da ƙofa bai je ba. Ba ta yi minti biyar ba numfashinta ya ɗauke, falon ya fara juya mata, ta dafa kujera. Norman ya ce ta rufe musu ƙofa kafin su daskare, Sajan ne, karin kumallonsa ya biyo, in ya gaji zai fita don kansa.

"Norman, ka san abin da Innata ta ce."

"Innarki ta ce in aka ɗora takalmi a tebur ma mutuwa ce. Zauna, 'yar tsohuwa, ki sha shayinki."

Ta rufe ƙofar ta zauna, amma shayin bai shiga ba. Idonta na kan mijinta. Yau ne ta lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da yadda hannunsa ke kwance a kan cinya kamar ba nasa ba. Shekara hamsin da huɗu suna tare. Ta kama kanta tana tunanin baƙar kwat ɗinsa da ke rataye a sama, ko har yanzu za ta yi masa daidai in an zo yi wa gawarsa sutura, ta yi maza ta kawar da tunanin, ya sake dawowa.

Gillian ta riga ta ce a saman murhu za a kafa talabijin, inda babban madubi yake. Stuart ya ce shi dai ba ya son kafa ta a wurin zafi, amma bari ya gani. Ya hau ɗan tsaninsa ya sauke madubin. Bangon da ke bayansa fari ne fes, siffar madubin ta fito sak, amma kewaye da shi fentin ya yi duhu, wani baƙi-baƙi ya taso daga kan murhun ya bazu sama kamar reshen itace. Ya shafa da yatsa ya duba. Ya tambayi yaushe rabon da a duba musu murhun. Doreen ta ce an kwana biyu, Norman ne ke kula da waɗannan abubuwan. Stuart ya ce to ya kamata a kira masu gas bayan biki, ya ɗauko na'urar huda bango ya ci gaba da aikinsa.

Ƙarar hudar ta cika gidan, tsuntsun ya yi ta bugun gilashin taga, sannan ya haƙura ya lafe a wani reshen bishiyar, tsakanin ƙwallayen ado. Da farko Stuart ba ya rufe baki. Ya ba su labarin matarsa da ta sayi talotalon da ya fi tanderunsu girma, ya tsokani Norman a kan ƙungiyar ƙwallonsa da ba ta ci wasa ba tun Oktoba. Sannu a hankali surutun ya ragu. Ya cire hular ya goge goshi. Ya auna wuri ɗaya sau uku yana manta lambar. Can ya tambayi Doreen ko tana da maganin ciwon kai, ya ce abin mamaki, lafiyarsa ƙalau ya fito.

Tagogi sun yi gumi, ruwa na gangarowa a jikin gilashi. Wutar murhun na lilo, rawaya, a kasalance. Norman ya koma barci. Ban da ƙarar agogo babu abin da ke motsi a falon, Doreen ta ji idonta na rufewa duk da faɗuwar gaban da take ciki.

Wani ɗan sauti ne ya dawo da ita, tim, kamar an yar da safar hannu. Robin ne a kan kafet, a gindin bishiyar. Ya kwanta a gefe, fiffike ɗaya a buɗe, baki na buɗewa yana rufewa, ƙafafun nan sirara suna ɗan karkarwa.

Ta kira sunan mijinta sau biyu, sai da ta girgiza shi ya buɗe ido. Ta nuna masa. Ta zaci zai yi mata wata barkwancin, amma ya daɗe yana kallon tsuntsun, sannan ya juya ya kalli wutar murhun, ya kalli baƙin da ke bango. Fuskar da ya yi ba ta taɓa ganinta a gida ba. A farkon shigarsa rami, da kanari a keji suke sauka, kuma kowane mahaƙi ya san in tsuntsu ya faɗo daga kan sandarsa, iskar wurin ta zama guba.

"Iskar ɗakin ce, guba ce," ya ce. "Yaro, kashe wutar nan. Doreen, fita waje. Kar ki ɗauki komai."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya yi taku ɗaya, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Kansa ya daki gefen tebur kafin ya kai ƙasa.

Abin da ya biyo baya Doreen guntu-guntu take tuna shi. Stuart ya murɗe murhun, ya banka ƙofa, ya kama Norman ta hammata ya ja shi ta kicin, silifa ɗaya ya zame a hanya. Ta tuna sanyin dakali a gwiwarta, da jinin da ke bin girar mijinta, da Stuart durƙushe yana amai a gefen shinge, waya a kunnensa. Ta tuna ta riƙe fuskar Norman tana ce masa ba yau ba, ba yau ba, kamar da wani take ciniki. Motar asibiti ta kwashe su su uku, aka rufe musu hanci da baki da robar iska. Likitar da ta auna jininsu ta ce gubar hayaƙin murhun ce suke shaƙa, da sun ƙara awa guda a ɗakin nan, da wani zancen ake yi. Aka sallami Stuart da yamma, aka riƙe Doreen kwana ɗaya. Norman kuwa aka ce zuciyarsa ta wahala, sai an ga abin da hali ya yi.

Washegari Gillian ta kawo ta gida ɗaukar kaya, suka tarar da wani ma'aikacin gas ya sauko daga kan rufi, hannunsa baƙi ƙirin. Ya ce hankaki ne suka cika bakin bututun hayaƙin murhun da sheƙa, ƙirare har tsawon hannu. Amma ba wannan ne ya dame shi ba. Gidajen layin a manne suke, bango ɗaya, kuma bulon da ya raba bututunsu da na maƙwabci ya zube tun tuni, hayaƙin gida biyun a haɗe yake. Ya tambayi wa ke zaune a gidan hagu.

Wilf Charlton ne, tsohon direban bas, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Doreen ta buɗe baki za ta ce ai jiya ta gan shi, sai ta tsaya. Ba jiya ba ne. Ba shekaranjiya ba. Ta juya ta kalli gidan. Labulen falonsa a rufe da tsakar rana, kwalaben madarar da ake kawo masa kullum da safe har uku a bakin ƙofa, sanyi ya daskarar da su har murafun sun ɗago.

Ma'aikacin ya buga ƙofa, ya leƙa ta kafar wasiƙa ya kira sunansa. Ana jin rediyo na rera waƙoƙin Kirsimeti a ciki, ƙasa-ƙasa. Doreen na da makullin gidan, Wilf ya ba ta ajiya shekaru da suka wuce, amma mutumin ya karɓa ya ce su koma bakin titi su tsaya. Ya shiga ya bar ƙofar a wangale. Bai daɗe ba ya fito, ya zauna a kan matakala, ya ciro wayarsa.

A kujerarsa aka same shi, bargo a gwiwa, murhu na ci. Aka ce ya kai kwana biyu da rasuwa.

Norman ya yi Kirsimeti a gadon asibiti, bai fito ba sai sati na biyu na Janairu, da sanda, maganarsa ta yi nauyi. Da aka gaya masa labarin Wilf ya juya fuska bango, ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana shinshinar iska, ya zauna wata biyu a cikinta bai gane ba. A keken guragu aka tura shi jana'izar. Mutum goma sha ɗaya ne a cocin, har da Stuart, wanda bai taɓa ganin mamacin ba, ya tsaya a layin baya ya fita kafin a tashi.

Gillian ta so ta kwashe su zuwa Leeds, Doreen ta ce babu inda za ta. An gyara bututun, an cire murhun an sa na lantarki. Gida goma sha huɗu ne a layin, shida daga ciki tsofaffi ne masu zaman kaɗaici. Yanzu da ƙarfe tara na safe Doreen kan zura kwat ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Ba ta shiga, ba ta tsayawa hira. Wasu na yi mata godiya, wata kuma ta ce ta dame ta. Ita dai ba ta barin bakin ƙofa sai ta ji motsi daga ciki.