Lambun Tekna na Bayan Magariba

Ni na fara ganinsa, kafin liman, kafin matan gari, kafin ita kanta wadda aka yi dominta. Yanzu kowa a gindin dutsen Bagzan sai ya ce maka ai shi tun farko ya gane abin da Aghali ke nufi. Ƙarya suke yi, ina tsaye suka yi masa dariya. Ni ne Bazo maƙeri, wanda ya tafasa fatar takalminsa ya ci a shekarar da raƙuma suka ƙare, kuma bai mutu ba. Zazzaɓi ya kwashe sa'o'ina kaf ya bar ni. Ban taɓa riƙe allo ba, amma abin da idona ya gani babu mai goge shi.

Aghali mai lambu ne, irin mutanen nan da ba su iya magana ba sai da fartanya. Yana da rijiya, da raƙumi mai jan wasaki, da fangalin albasa, da itatuwan rumman da duk ƙwarin nan ba su da na biyu. Matarsa Tekna kuwa 'yar daji ce. Da asuba take kora awakinta su hau duwatsu, ba ta dawowa sai rana ta yi ja. A bakin gari za ka jiyo ta tana zagin bunsuru tun ba ka hango ta ba.

Sai ciwo ya zo mata. Kumatunta suka fara yin ja kamar an ɗora wuta, daga nan gyambo, daga nan gaɓoɓi suka riƙe. Aghali ya kai ta Agadas. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ciwon yana kwanciya amma ba ya tafiya, kuma babban abin da ke tayar da shi rana ce. Kada ta bari rana ta taɓa ta.

A ƙasarmu a ce wa mutum ya guji rana! Aka toshe tagar ɗakinta da tabarma. 'Yar ƙanwarta ta karɓi awakin. Tekna ta zauna a duhu, ta daina zagin kowa, kuma wannan ne ya fi tsorata mijinta.

Yayanta Mokha yana da gidan siminti a Agadas, har da fanka. Ya zo duba ta, ya zauna da Aghali a inuwa, kowa ya ja amawalinsa har hanci.

"Ba raina ka nake ba," in ji Mokha, "amma ɗakin nan kabari ne mai ƙofa. In motar albasa ta zo, ta biyo ta. A can akwai likita kusa, akwai mata a gida."

"Yaya, ita ta ce haka?"

"Tambaye ta mana."

Ya tambaye ta daga bakin ƙofa. Muryarta ta fito daga duhu.

"Zan tafi. A can ko ba komai ba zan ji awakina suna fita da wata ba."

Aghali ya san in ta hau motar nan ba za ta dawo ba. Shi kuma ba ya iya bin ta, don lambu a nan in ya kwana biyu ba ruwa ya zama tarihi. Albasa kuwa ta riga ta fara kai.

Ya yi ta juya abin a ransa yana bin raƙumi, je ka dawo, je ka dawo, har dabara ta faɗo masa. Ai likita rana ya hana ta, bai hana ta dare ba.

Ya share gindin rumman tas. A lokacin sun yi fure ja jawur, abin da ya fi alfahari da shi a duniya. Ya shimfiɗa yashi, ya aza kututturen dabino na zama, ya dasa wasu jajayen furanni da wani direba ya kawo masa daga birni, don Tekna mai son ja ce. Da hantsi ya tsaya ya duba aikinsa, ya ga ko sarki aka kawo ba zai ji kunya ba.

Da aka yi isha'i ya lallashe ta ta fito. Ta riƙe gefen rigarsa, suna tafe a hankali. A bakin shinge ƙaya ta kama mata zane. Gaba kaɗan ƙafarta ta zurma cikin magudanar ruwa. Da ƙyar suka kai kututturen, ya zaunar da ita, ya ɗaga hannu sama.

"Dubi."

"In dubi me?"

"Rumman. Furen."

Ta ɗaga kai. Shi ma ya ɗaga. Babu ja ko ɗigo. Furen baƙi, ganyen baƙi, furannin direba baƙi ƙirin kamar kashin awaki. Inuwar itatuwan ta tare ɗan watan da ke akwai. Sai kuma iska ta taso. Da rana iskar ƙwarinmu hawa dutse take yi, da dare ta juyo ta gangaro. Aghali ya girma a nan bai taɓa kula ba, don magariba na yi yake faɗuwa kamar an sare shi. Iskar ta bi ta turken raƙumi, ta kwaso duk abin da ke can ta juye musu a hanci.

Tekna ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Baban Ghaisha, duhu ka kawo ni in gani? Ai ina da shi a ɗaki. Nawa ma ba ya wari."

Ya mayar da ita gida. Bai iya kwanciya ba, ya koma lambun ya zauna a bakin rijiya, kunya ta cika shi. Yana nan zaune har idonsa ya saba. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba a lambun da ya gada wurin ubansa. Can ƙarshen fangali, a jikin shinge, akwai wani duma da ya fito da kansa, wanda kullum yake cewa zai tuge. Da rana ba abin da ke jikinsa sai yamutsattsun furanni kamar tsumma. Yanzu ga su a buɗe, farare fat, suna haske kamar an rataye ƙananan ƙore. Ya tashi ya je. Yana isa wurin ƙamshi ya tare shi, na furen lallen da uwarsa ta dasa a gefen da iska ke gangarowa. Shekara da shekaru yana wucewa ta gabansa da rana, bai san yana da irin wannan bakin ba.

Washegari ya fara tuge albasar da ke kusa da lallen. Albasa mai kai, wadda saura kaɗan ta zama kuɗi! Masu lambun maƙwabta suka jeru a shinge.

"Aghali, me za ka shuka da ya fi albasa?"

"Duma."

"Duma? Ƙwarya nawa gidanka ke sha da ita?"

"A bar shi," in ji wani, "ciwon matar ne ya hau masa kai."

Aghali ya ci gaba da tuge albasarsa. Daga ranar ya daina tsara komai da rana. Sai magariba ta yi ya zo ya tsuguna, ya duba inda wata ke faɗuwa, ya soka tsinke. Ya zauna nan ya shaƙa, ya koma can ya shaƙa. Abin da idonsa bai gani da dare ba, ko ya kai me kyau, ya fitar da shi daga lissafi.

A nan na shigo. Wani dare ina dawowa daga wurin suna, na hangi abu tsugune a lambu yana shinshina ƙasa. Na yi bisimilla na ɗauki dutse.

"Mutum ko aljan?"

"Ajiye dutsen, Bazo," in ji Aghali.

"Ɗan gidan iyayen gijina! Kai ne ka koma dila? Me ka ɓatar?"

"Zo ka tsaya nan. Me kake ji?"

"Yunwa."

"Da hanci, tsohon banza."

Na shaƙa. Lalle ne, da wani abu mai sanyi a bayansa, furen lemun tsami. Ya ja ni muka bi wata 'yar hanya da ya zuba wa farin yashi, ya jera mata fararen duwatsun rafi a gefe da gefe, tana kwance a ƙasa kamar an warware rawani. Ya ce a kan farin yashi ko kunama ta fito za a gan ta. Ya sare rassan da ke tare wata. Ya dasa na'ana'a da ɗaɗɗoya a bakin hanyar, daidai inda gefen zane zai goge su su yi magana. Turken raƙumi ya mayar da shi can ƙasan iska. Magudanar ruwa ya karkato da ita ta gaban wurin zama, ya sa mata tsakuwa don ruwan ya riƙa ƙara. Duman da ya shuka ya fara kama rumfa. Na ce masa, "Wallahi ko kai mahaukaci ne, haukarka ta fi hankalin garin nan."

Saura ruwan ya yi gudu da dare, kuma nan ne matsala. Ban ruwa aikin mutum biyu ne, ɗaya yana jan raƙumi, ɗaya yana buɗe fangali yana toshewa. Babu wanda zai yarda ya tsaya bakin rijiya bayan isha'i, kowa ya san masu wurin ba sa son a dame su. Ni na yarda, don ni aljanu sun san ni, sun gaji da ni. Amma idona da dare ba na da ba ne. Na buɗe inda za a toshe, na toshe inda za a buɗe, na mayar masa da rabin hanyar taɓo. Raƙumin ma ya yi ta gurnani yana tsine mana.

Ana haka albasar gari ta nuna, aka fara cusa ta a buhu. Mokha ya aiko cewa yana tafe da motar. Tekna ta ɗaure kayanta.

Aghali ya tsaya a ƙofar ɗakinta da magariba.

"Ki zo lambu."

"Na gani ai."

"Ba kallo na kira ki ba. Mai juya ruwa nake nema. Bazo ya kusa kashe mini komai."

"Bazo ka ba fartanya? Da dare? Wanda da rana ma sai ya taka akuya ya ce mata sannu?"

Ina bayan katanga ina ji. Na haɗiye, don wannan ne zagi na farko da ya fito daga bakinta tun da ta kwanta.

Ta fito. Wata ya kusa cika. Ta kai hannu za ta kama rigarsa, sai ta ga hanyar a gabanta fara sol, ta sauke hannun ta yi gaba ita kaɗai. Zanenta ya gogi ɗaɗɗoya, ƙamshi ya tashi. Ta tsaya ƙarƙashin rumfar duma. Furanni sun buɗe a samanta ba iyaka, manyan ƙwarin dare suna shawagi daga wannan zuwa wancan. Aghali yana bayanta, yana jiran kalma ɗaya.

Ba ta ba shi ba. Ta janye mayafin da ta saba rufe fuska da shi, ta bar iska ta taɓa kumatunta. Sannan ta ce, "Ina fartanyar?"

Ya ja raƙumi, wasaki ya hau ya juye, ruwa ya taho yana ƙara cikin tsakuwa da wata kwance a bayansa. Tekna ta duƙa ta buɗe fangali na farko. Hannunta ba ƙarfi, amma idonta ras. Can na ji ta ɗaga murya.

"Kai mai raƙumi! Barci kuke yi kai da shi? Ruwan ya yanke!"

Aghali ya ja amawalinsa sama, ya daɗe bai sauke ba. Ni na san ba sanyi ya ji ba.

Da motar ta zo, Mokha ya shiga ɗakin ƙanwarsa ya ga ƙullin kayanta a ɗaure.

"Madalla. Tashi mu je, an rufa miki bayan motar da tamfol."

"Yaya, ka yi gaba. Duman nan yana cikin fure, in na tafi mutanen nan biyu za su kashe shi. In ya gama zan aiko."

Mokha ya kwana a garin, aka kai shi lambun. Da safe ya hau mota, ya ce zai riƙa aiko da ƙwayoyinta.

Ciwon bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai lokacin da yake kwantar da ita, ko ƙofa ba ta kaiwa. Albasar da aka tuge kuma ta bar gidan da cin gero ba miya har aka daɗe. Amma duma bai gama fure ba har yau. Kafin wannan ya tsufa Tekna ta riga ta binne wani iri a gindin rumfa, da hannunta, ba ta gaya wa kowa. In Mokha ya aiko tambaya, sai ta ce a gaya masa saura kaɗan. Matan da suka ce wurin na aljanu ne, yanzu su ne ke zuwa da butar shayi bayan isha'i, ba sa tashi sai ta kore su.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo garinmu ya tambayi maƙera. Zan kai shi da tsakar rana tukuna, ya ga lambun da ya fi kowanne muni a ƙwarin nan, furanni a yamutse, yashi na ƙona ƙafa, ya yi dariyarsa ta ishe shi. Sannan mu koma bayan isha'i. In ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan bai nemi wurin zama ba, ya ɗauki uwar maƙerata ya tafi da ita, in dai zai iya ɗaga ta.