Dawakan Jan Ƙarfe na Lemuel Hatch

Shekara goma sha tara Lemuel Hatch ya yi yana tuƙa keken dokin 'yan kwana-kwana a garinsu da ke gaɓar teku a jihar Maine ta Amurka, kafin keken ya kife da shi ya murƙushe masa gwiwa. Ya koma maƙerar mahaifinsa yana liƙin tukwane, amma zama ya ƙi karɓarsa. Da an kaɗa ƙararrawar gobara sai ya zabura, ya yar da guduma, ya ɗingisa bakin ƙofa yana kallon wani riƙe da linzaminsa.

Amasa Crowell, shugaban 'yan kwana-kwana, ya ba shi aikin ƙera manunin iska, abin da ke juyawa yana nuna inda iska ke kaɗawa, da za a kafa a kan rufin ofishinsu: keken ruwa da dawaki biyu, na jan ƙarfe. Kowa ya ce an samo abin da zai zaunar da shi. Ina! Sau huɗu yana gama dawakin yana farfasa su.

"Lemuel, dokin kan rufi ne fa," in ji matarsa Keziah. "Wa zai hau can ya ƙirga masa haƙora?"

"Waɗannan ba gobara za su ba," in ji Lemuel. "Madara suke kaiwa."

A karo na biyar Amasa ya zo da ƙarti biyu suka ɗauke abin tun kafin ya huce. Aka kafa shi. Iska ta kaɗa kwana uku, dawaki ko motsi, gari kuwa ya samu abin dariya.

Da safiyar Asabar Lemuel ya jingina tsanin ofishin ya hau don ya gyara manunin, Keziah na riƙe da gindin tsanin tana yi masa faɗa. Yana isa sama ya hango hayaƙi na tashi daga rumbun ciyawar wani mai suna Dunning, ya ƙwala ihu. Nan take dawakin ofishin suka fito da keken ruwa a guje ta ƙarƙashinsa, 'yan kwana-kwana suka fizge tsanin daga hannun Keziah suka tafi da shi.

Ya rasa hanyar sauka. Ya zaro magagari ya goge sandar manunin da ta cije, ya ɗiga mata mai, manunin ya juya ya fuskanci teku. Bai ko tsaya kallo ba. Har la'asar yana safa da marwa a kan rufin, sanyi na kaɗa shi, yana leƙo wa Keziah yana cewa da shi ne ke tuƙa keken, da ta hanyar gada zai bi.