Kabarin Iya Indo

A unguwarmu, can gefen Damagaram ta hanyar Tirmini, in aka yi mutuwa ba a tsayawa neman masu haƙa kabari. Mu ne masu haƙa, mu 'yan fadar Mu Farka. Fadar kuwa ba wani abu ba ce illa benci biyu da tabarma da butar shayi a gindin darbejiya, kusa da rumfar da ni Suma'ila nake gyaran moto, wato babur. Dattawan unguwa babu sunan da ba su laƙa mana ba: 'yan zaman banza, 'yan shayi, marasa kunya. Amma da kuka ya tashi a wani gida, kafin a gama wankan gawa muna can da diga da shebur muna fama da ƙasar nan mai dutse. Ranar ce kaɗai muke zama yaran kirki, ana ce mana Allah ya yi muku albarka. Washegari mu koma 'yan iska.

Da yake mu ke haƙa, mu muka fara sanin maƙabartar ta cika. Sai ka sa diga ka ji ka taɓa wanda ya riga ka kwanciya, ka mayar da ƙasa kana salati, ka matsa gaba, can ma haka. Hankalinmu bai tashi ba, don a gabas da ita akwai fili wanda wani manomi ya bari sadaka tun zamanin kakanninmu, saboda ranar da za a buƙata. Har akuyoyin unguwa sun san wannan fili na matattu ne. Kwatsam wata safiya muka tarar an jera turakun siminti a ciki, an shafa musu jan fenti. Da muka bi diddigi, ashe Konseye Ɗanƙarami ne, wanda muka zaɓa da hannunmu ya wakilci unguwa a majalisa. Shi ya kawo masu awo, ya yanka filin gida-gida, bakin hanya kuma za a jera shaguna.

Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin neman ƙuri'a a bencinmu yake yini, ya sha shayinmu har dahuwa ta uku, yana ce mana ƙannena. Mu muka bi samari lungu-lungu muka sa suka karɓi katin zaɓe saboda shi. Da ya ci sai ya sayi baƙin tabarau, ya koma gaishe mu da ƙahon mota.

Shugaban fadarmu Tahiru ne, malamin firamare, siriri, mai sanyin magana da taurin kai. Kuma ga inda abin ya yi muni: Konseye kawunsa ne, wan mahaifiyarsa Rahama, ciki ɗaya. Mu da muke zafi mun so mu tumɓuke turakun mu ƙona taya a hanya. Tahiru ya hana. Ya ce gida-gida za mu bi, mu yi wa mutane bayani. Muka bi. Muka zauna da mata masu tuya, da 'yan kabu-kabu, da malaman zaure. Muka je gidan rediyo. Muka sa wankakkun riguna muka je zaman majalisa, aka bar mu a tsaye a baya, aka ce an ji, za a duba. Abin da ya fi ƙona mini rai mutanen unguwa ne. A cikin zaure kowa jarumi ne, yana cewa wallahi gaskiyarku, yara. Da motar Konseye ta ɓullo, sai ka ga mutum ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Wata la'asar motar ta tsaya a gaban fada. Bai fito ba, gilashi kawai ya sauke.

"Kai Tahiru, zo nan."

Tahiru ya je ya rusuna. "Ina wuni, Kawu."

"Riƙe gaisuwarka. Ni za ka kai rediyo? Ni da na yanka ragon sunanka?"

"Kawu, ba kai muka kai ba, fili muka kai. Maƙabarta ta cika. Ina za a sa mutane?"

"Matattun ne suka aiko ka? Ko kai ne konseyensu?" Ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar ya ga kashi a ƙofar gida. "Bon. Ku buɗe kunnuwanku. Ran Litinin masu gini za su zuba fondasiyo, su kafa harsashi. Duk wanda ya taɓa mini turke ɗaya, a komisariya, hannun 'yan sanda, zai yi sallar azahar, ko ɗan uban wane ne."

Ya ɗaga gilashi ya tafi. Ranar shayin ma ƙonewa ya yi a buta, ba wanda ya kula. Mun san da an zuba siminti magana ta ƙare.

Ran Asabar da hantsi Allah ya ɗauki ran Iya Indo, mahaifiyar Konseye da Rahama, kakar Tahiru. Tsohuwa ce mai baki, amma mu ba ta taɓa zagin mu ba. Takan aiko mana da kunun tsamiya a fada, in ta hangi Tahiru ta ɗaga murya: "Ga mijina marowaci, ko goro ba ya saye!" Shi kuma ya ce ya sake ta tun bara, ta tsufa. Duk fada mun ji mutuwar nan.

Aka aiko mana da karan awo, wato karan dawa da aka yanka daidai tsawon gawa. Tahiru da kansa ya karɓa, idanunsa jawur. Muka ɗauki kayan aiki muka shiga tsohuwar maƙabarta. Wurin farko da muka sara, ba mu yi nisa ba muka mayar da ƙasa. Tsoho mai gadi ya ce akwai wani ɗan matsattsen wuri jikin katanga, in aka lallaɓa zai ɗauki mutum ɗaya.

"Na gobe fa, Baba?" in ji Tahiru. "Shi a ina za a lallaɓa?"

Bai jira amsa ba. Ya tsallake guntuwar katangar ya nufi gabas, muka bi shi da ido. Ya ratsa tsakanin turakun nan masu jan fenti har bakin hanya, inda aka ce shagon farko zai tsaya, ya duba alƙibla, ya kwantar da karan a ƙasa.

Na bi shi da gudu. "Tahiru, kakarka ce fa."

"Na sani. Ba ni diga."

"Kawunka zai kashe ka."

"Filin matattu ne, ita kuma ta mutu. Ba ni diga, Suma'ila."

Wasu daga cikinmu suka ajiye shebur suka ce su ba da su ba, suka tafi. Ban ga laifinsu ba, amma ban bi su ba. Na miƙa masa digar. Muka haƙa uwar kabari, muka fitar da 'yar a ciki, muka gyara gefe sumul. Ban taɓa ganin Tahiru ya yi haƙa irin ta ranar ba. Yana sara yana cije baki, tafin hannunsa ya fashe bai ma sani ba.

Rana ta take tsaka aka iso da makara. Jama'a maƙil, don mutuwar uwar Konseye ba ta talaka ba ce: manyan riguna, motoci, 'yan siyasa har daga Mirya. Masu ɗauke da makara suka nufi inda suka hangi tulin sabuwar ƙasa, kamar yadda ake yi kullum, don ba mai tambayar masu haƙa dalili. Konseye yana gaba. Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya cak, na bayansa ya yi karo da shi. Ya cire tabarau ya dubi ramin, ya dubi turkensa da ke gefen ramin, sannan ya dubi Tahiru. Wallahi na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ya matso kusa da Tahiru, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan banza. Da uwata?"

Tahiru ya sunkuyar da kai. "Can ta cika, Kawu."

Konseye ya juya wajen liman. "Malam, a dakata. A haƙa wani."

Limamin unguwarmu tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, kuma a duk watannin da muka yi muna fama bai taɓa buɗe baki ya goyi bayanmu ba. Ranar ma ba don mu ya yi magana ba. Ya dubi makarar da ke kafaɗun mutane cikin wannan zafi, ya ce, "Alhaji, ba a shanya gawa a rana, ga kabari a haƙe. Sai fa in ƙasar nan tana da mai ita. In ta wani ce, ka faɗa jama'a su ji, don ba a binne Musulmi a ƙasar da ba a yarda ba. Ta wa ce?"

Mutanen nan masu gyaran takalmi duk suka zuba masa ido. Waɗanda ya yi wa alkawarin shaguna suna tsaye a nan, suna jira su ji. Uwarsa tana kafaɗun mutane. In ya ce ƙasar tasa ce, to ya kori uwarsa daga kabari saboda shago, kuma Damagaram ba za ta manta masa ba har jikokinsa. Leɓensa ya motsa.

"Me ka ce?" Liman ya kara hannu a kunne.

"Ta maƙabarta ce."

"Ɗaga murya, Alhaji, ban ji ba."

"Na ce ta maƙabarta ce, Malam!"

Aka sauke makara. Konseye ya tuɓe babbar riga ya shiga ramin don ya karɓi uwarsa. Tahiru ya zura ƙafa zai shiga ya taya shi, kamar yadda ya kamaci jika. Kawun ya daki ƙirjinsa da hannu har ya faɗi zaune a kan tulin ƙasa.

"Kada ka taɓa ta."

Wani ne ya shiga. Da aka kwantar da ita, Konseye ya daɗe a duƙe yana gyara likkafani, kafaɗunsa suna girgiza. Kuka yake yi, kukan gaske, irin na yaro. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don na fi son in tsane shi ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba. Muka jera itace, muka toshe da ɗanyen laka, aka tura ƙasa. Tahiru yana zaune inda ya faɗi har aka shafa fatiha.

Ran Litinin masu gini ba su zo ba. Wa zai kafa shago a kan uwar Konseye? Kafin damina ta tsaya an kwantar da wasu a gefenta, turakun kuwa yara suka tumɓuke ba wanda ya ce musu kanzil. Mun ci. Fili ya koma na masu shi. Amma a zaman makoki, da muka je gaisuwa, babu wanda ya matsa mana a tabarma. Mutanen da suka ja ni gefe a kasuwa suna cewa kun yi maganinsa, su ne suka kau da kai da muka miƙa hannu. Wani dattijo har da tofar da yawu, wai yaran zamani ba su bar ko gawa ba. Shi kuma yana da tabbacin wurin kwanciya yanzu, albarkacin yaran zamanin.

Ranar sadakar uku Tahiru ya ce in raka shi cikin gida ya gaida mahaifiyarsa, don tun ranar jana'iza bai iya haɗa ido da ita ba. Na tsaya daga bakin ƙofa. Inna Rahama tana zaune a tabarma ita kaɗai, da carbi a hannu. Ya durƙusa nesa da ita.

"Inna, ya haƙuri?"

Ta ja ƙwayar carbi ɗaya, idonta a kan tabarma.

"Inna, filin nan da ma na matattu ne. Ba mu zalunci kowa ba. Wuri mai kyau ne, ƙasar ma..."

"Na sani," ta ce. "Kawunka ne ba shi da gaskiya. Tun kafin ku je rediyo na faɗa masa, ita ma ta faɗa masa."

Ya ɗago kai, har fuskarsa ta fara saki.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Sa'ad da kake haƙa, ka yi mata addu'a? Ko sau ɗaya ta faɗo maka a rai? Ko kawunka kake gani a ramin?"

Tahiru ya buɗe baki. Mutumin da ya yi magana a rediyo, ya yi magana a majalisa, ya tsaya gaban motar Konseye, ya rasa abin cewa. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya yi ƙarya, ya ce na yi. Bai iya ba.

Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, saboda kunya. Ranar ta kama.

"Tahiru. Ran da na mutu, kada ka taɓa diga. Ka bar wa abokanka."

Ta juya fuskarta bango, ta ci gaba da jan carbi.